Me ya sa soyayyar zangon ƙarshe ke ɓata wa masu kallo rai? Tambayoyi da amsoshi

Matasan Kano da ke bin shirye-shiryen barkwanci na Amurka, ko dai ta intanet ko ta hannun masu tura fina-finai a Farm Centre da shagunan unguwa, sun san wani ƙorafi da ba ya ƙarewa: shiri ya yi shekara tara ko goma yana sa mutane dariya, amma da an zo zangon ƙarshe sai batun wa zai auri wa ya dagula komai. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne How I Met Your Mother, saboda haka a kansa yawancin amsoshin nan za su tsaya.

Wane shiri ne wannan, kuma me ya faru a ƙarshensa?

Tashar CBS ce ta nuna shi daga 2005 zuwa 2014, zango 9, kashi 208, kuma Carter Bays da Craig Thomas ne suka ƙirƙiro shi. Labarin wani magidanci ne mai suna Ted, wanda ya zaunar da 'ya'yansa biyu a shekarar 2030 yana ba su labarin yadda ya haɗu da mahaifiyarsu, abin da sunan shirin ke nufi ke nan. Tun a kashin farko ya ga wata 'yar jarida, Robin, ya kamu da sonta, kuma tun a wannan kashin aka sanar da masu kallo cewa ba ita ce uwar yaran ba. Ba a nuna fuskar uwar, Tracy, ba sai a ƙarshen zango na 8, a watan Mayun 2013.

Zango na 9 yana da kashi 24, kuma 22 daga cikinsu an ƙarar da su ne a kan bikin auren Robin da Barney, abokin Ted, bikin da bai wuce kwana uku ba a cikin labarin. Ranar 31 ga Maris 2014 aka nuna kashi biyun ƙarshe. A cikinsu auren ya mutu bayan shekara uku, Tracy ta rasu sakamakon rashin lafiya, yaran suka ce wa mahaifinsu ya je ya nemi Robin, shi kuwa ya tashi ya tafi.

Mene ne ainihin abin da ya fusata mutane?

A ganina, rabon lokaci ne ya fi ba mutane haushi, fiye da sunan matar da Ted ya ƙare da ita. Mai kallo yana auna muhimmancin abu ne da yawan lokacin da aka ba shi. Idan aka yi watanni ana nuna masa cewa Barney, mutumin da ya shahara da yaudarar mata, ya shiryu har ya cancanci zama miji, aka kuma nuna Ted ya haƙura da Robin haƙuri na gaskiya, to mai kallo ya ɗauki wannan a matsayin alkawari. Rushe auren cikin 'yan mintuna kaɗan da fara kashin ƙarshe, tare da mayar da Barney halinsa na da, ya sa mutane suka ji cewa an ɓata musu zango guda a banza.

Sai kuma batun Tracy. Jaruma Cristin Milioti ta taka rawar da kyau har masu kallo suka so ta cikin ɗan lokaci, abin da ba ƙaramin aiki ba ne ga wadda aka yi shekara takwas ana kwarzanta ta kafin a gan ta. Amma rashin lafiyarta da rasuwarta sun wuce a cikin 'yan daƙiƙu, ba jana'iza, ba zaman makoki. A cikin labarin shekara shida ce tsakanin rasuwarta da komawar Ted wajen Robin, a idon mai kallo kuwa minti biyu ne ko uku.

Me ya sa marubutan suka zaɓi wannan ƙarshe?

Domin sun riga sun ɗaure kansu tun da wuri. An ɗauki hoton amsar da yaran suka ba mahaifinsu tun a 2006, farkon zango na 2, saboda 'yan wasan, Lyndsy Fonseca da David Henrie, suna girma, kuma ba zai yiwu a jira su ba. A wancan lokacin labarin Ted da Robin shi ne ƙashin bayan shirin, don haka ƙarshen ya dace. Sai dai shirin ya karɓu, aka yi ta sabunta kwangilarsa har shekara takwas bayan haka, mutanen cikinsa suka canja, ƙarshen kuwa yana nan a ajiye yadda yake. Abin ya yi kama da telan da ya auna yaro yana ɗan shekara goma, ya ɗinka masa kayan angwanci ya ajiye, sannan ranar ɗaurin aure ya dage sai ango ya sa su.

Me ya sa tun farko ake jan soyayya shekara da shekaru?

Dalilin na kasuwanci ne. Tashoshin talabijin na Amurka suna samun kuɗinsu daga talla, kuma babu abin da ke dawo da mai kallo mako bayan mako kamar masoya biyu da ba su daidaita ba. Marubuta ba su san yawan zangon da za a ba su ba. Sai a Janairun 2013 CBS ta tabbatar da cewa za a yi zango na 9. Saboda haka sukan haɗa masoya, su raba su, su sake haɗa su. Akwai kuma tsoron da ya samo asali daga Moonlighting, shirin ABC na 1985 zuwa 1989, wanda masu kallonsa suka ragu bayan taurarinsa biyu sun daidaita a 1987, ko da yake wasu matsalolin ma sun taimaka, ciki har da yajin aikin marubuta na 1988.

Wannan shirin kaɗai abin ya shafa?

A'a. A Friends, wanda NBC ta nuna daga 1994 zuwa 2004, mutane da yawa sun ƙi soyayyar Joey da Rachel, har aka yi watsi da ita a farkon zango na 10. A kashin ƙarshe, wanda mutum fiye da miliyan 50 suka kalla ranar 6 ga Mayu 2004, Rachel ta sauko daga jirgin da zai kai ta aiki a Faris domin ta zauna da Ross, masoyinta na asali a shirin. Wasu sun yi gunaguni, amma bai kai wanda aka yi kan How I Met Your Mother a 2014 ba, saboda shekara goma aka yi ana nufar wannan wurin.

Shin mai kallo a Kano yana ganin abin yadda Ba'amurke ke ganinsa?

Ba duka ba, kuma a nan ne muhawarar ta fi daɗi. Cewa magidanci ya sake neman aure bayan rasuwar matarsa ba abin mamaki ba ne a wurinmu. Idan ma akwai mamaki, to na shekara shidan da ya yi a zaune ne, domin a Gwammaja ko Yakasai da 'yan uwa sun daɗe da sa baki. Haka nan 'ya'ya su ƙarfafa wa mahaifinsu gwiwa ya yi aure, a nan tausayi ne da tarbiyya.

Abin da ke tsaya wa Bahaushe a rai daban ne. Na farko, Robin tsohuwar matar amininsa ce. Shari'a ba ta hana wannan aure ba idan idda ta cika, amma kunya da kara suna sa a daɗe ana maganarsa a unguwa, shirin kuwa bai tsaya ya nuna yadda Barney ya ɗauki abin ba. Na biyu ya fi nauyi. An nuna tun a zango na 7 cewa Robin ba za ta iya haihuwa ba, Ted kuma mai son 'ya'ya ne. Idan aka jera abubuwan yadda suka zo, sai a ga kamar an kawo Tracy ne ta haifa masa 'ya'ya sannan ta kauce wa wadda yake so tun asali. Duk macen da ta taɓa jin zancen auren mutum alhali zuciyarsa na wajen wata ba ta buƙatar a yi mata bayanin abin da ya sa wannan yake da ciwo.

Ko shirye-shiryen Hausa masu dogon zango na fuskantar irin wannan?

Suna fuskanta, kuma sau da yawa ta wata ƙofar. Tun bayan da Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Labarina sun koya wa masu kallo rabuwa gida-gida a kan wanda ya dace da wance. Babbar matsalarmu ita ce ficewar jarumai ana tsakiyar labari. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, Fati Washa ce ta karɓi matsayin Sumayya, kuma duk inda aka yi irin wannan sauyi, sai mai kallo ya sake koyon son fuskar da ba da ita ya fara ba. Marubucin da ke aiki a Titin Gidan Zoo, matattarar masu shirya fina-finan Hausa a Kano, yana kuma da wata iyakar: a labarin Hausa kusan dole soyayya ta ƙare a ɗaurin aure ko a rabuwa mai dalili, kuma iyaye da dangi suna da ta cewa, saboda haka idan aka aurar da yarinya ga wanda ba a gina shi a labari ba, nan take ake ganewa.

An taɓa gyara ƙarshen?

An yi wani abu mai kama da gyara. A watan Satumban 2014 aka fitar da faifan zango na 9 ɗauke da wani ƙarshen na daban, wanda aka haɗa daga hotunan da aka riga aka ɗauka. A cikinsa ba a nuna rasuwar Tracy ba, labarin ya tsaya ne a kan haɗuwarsu da Ted a tashar jirgin ƙasa. Mutane da yawa sun fi son wannan, amma ni ina ganin ya kauce wa matsalar ne kawai, domin mutuwar auren Barney da Robin tana nan cikinsa a gurguje. Da an taƙaita bikin a kashi biyar ko shida, aka ba shekarun 2013 zuwa 2030 sauran zangon, har a ga zaman Ted da Tracy, a ga jinyarta, a ga shekarun da ya yi yana renon yara shi kaɗai, da ƙarshen da aka ɗauka a 2006 ya zauna daram ba tare da an canja masa komai ba.