Kyarkeci ne ya cinye barewar mafarauta a Amurka?

An daɗe ana cewa tun da aka mayar da kyarketai gandun dajin Yellowstone da tsakiyar jihar Idaho a 1995 da 1996, farautar barewa ta mutu a yammacin Amurka. Maganar tana da tushe. Garken elk, babbar barewa mai rassan ƙaho, da ke arewacin Yellowstone ya kai kusan 19,000 kafin zuwan kyarketan, amma zuwa 2013 ya ragu zuwa kamar 4,000.

Sai dai ɗora wa kyarkeci laifin duka rashin adalci ne. A shekarun nan an yi fari mai tsanani, beyar, wata babbar dabbar daji mai cin nama, ta ƙaru tana cin jariran elk, ga damisar dutse. Su kansu mafarauta a yankin Gardiner, bakin gandun, sun yi shekaru suna harbe matan elk masu haihuwa da lasisin hukuma. Kyarkeci kuwa ya fi kama tsofaffi, marasa lafiya da ƙanana.

Idan aka dubi jihohin gaba ɗaya, Montana da Wyoming suna da elk fiye da na 1995, har wasu yankunan Montana sun wuce adadin da hukuma ke so.

Abin da ya canza shi ne halin elk ɗin. Ta ƙara wayo, tana shigewa kurmi, wani lokaci ta tsallaka zuwa gonakin masu zaman kansu inda ba kowa ake bari ya shiga farauta ba. Maharbi ya wuni bai ga komai ba, sai ya ce an cinye su.