Mene ne rigakafin DNA, kuma ina aka kwana a kan ƙanjamau?

A rigakafin da muka saba da shi, irin na ƙyanda ko shan inna, ƙwayar cutar ake kashewa ko a raunana ta, sannan a ba mutum don jikinsa ya san kamannin maƙiyi. HIV kuwa, wato ƙwayar cutar ƙanjamau, ba a yi mata wannan kasada, domin idan ta shiga takan cusa kanta cikin ƙwayoyin halittar mutum, ta zauna daram. Shi ya sa masana suka ce, maimakon a kai wa jiki ƙwayar cuta, a aika masa da umarni kawai.

Umarnin nan shi ne DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan halitta. Akwai wani ɗan zoben DNA da ake samu a cikin bakteriya, ana ce masa filasmid. Sai a dasa masa guntun bayanin da ke ƙera ɓawon HIV ko wani furotin nata, a yi allurarsa a dantse. Ƙwayoyin tsoka su karanta, su ƙera furotin ɗin da kansu, garkuwar jiki ta gan shi ta ce baƙo ya shigo gida. Jon Wolff da abokan aikinsa a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka ne suka nuna a 1990 cewa tsokar ɓera na karɓar irin wannan saƙo. Tunda guntu ne, ba ƙwayar dukanta ba, allurar ba ta sa wa kowa ƙanjamau, sai dai gwajin jini na iya nuna alamar cutar ga wanda aka yi wa ita alhali lafiyarsa ƙalau.

Martanin jiki iri biyu ne. Akwai antibodi, masu yawo cikin jini suna manne wa ƙwayar kafin ta kutsa. Akwai kuma ƙwayoyin T, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini: na CD8 su kashe duk ƙwayar jikin da ta kamu, na CD4 su ba da umarnin yaƙi. Abin takaici, waɗannan CD4 ɗin su ne abincin HIV. Rigakafin DNA ya fi gwaninta wajen tayar da ƙwayoyin T, amma abin da ya yi ƙarfi a ɓera sai ya zo da sanyi a jikin mutum. Don haka wasu ke haɗa allurar da ɗan bugun lantarki a wurin, ƙofofin ƙwayoyin tsoka su buɗe na ɗan lokaci, wasu kuma su fara da DNA su biyo da wani rigakafin daban don ƙara masa kaimi.

A nan ne masu karanta labarai ke ruɗewa. In aka ce garkuwar jiki ta amsa, ba a ce an samu kariya ba. Gwajin rigakafin HIV mai ɗauke da DNA da ake kira HVTN 505 a Amurka, mai mutum kusan 2,500, ya tayar da ƙwayoyin T sosai, amma aka dakatar da allurar a 2013 saboda bai hana kamuwa ba. Haka wani gwajin irinsa mai suna PrEPVacc a Yuganda, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka tsayar da allurarsa a ƙarshen 2023. HIV na sauya kama kamar hawainiya, ga ɓawonta lulluɓe da sukari, antibodi su rasa wurin kamawa.

Fasahar dai ba ta mutu ba. A watan Agustan 2021 Indiya ta amince da ZyCoV-D, rigakafin DNA na farko ga ɗan Adam, amma na korona ne.