Waiwaye: Hasken hoton asibiti da tayiroid ɗin yara

Tayiroid ita ce 'yar halittar da ke gaban wuya, wadda in ta kumbura ake cewa mutum ya yi maƙoƙo. Fata da 'yar siririyar tsoka ne kawai suka rufe ta, kuma a jikin yaro tana cikin sassan da hasken hoto ya fi yi wa illa.

Bayan masanin kimiyya Bajamushe Röntgen ya gano hasken X a 1895, likitocin Turai da Amurka sun ɗauke shi maganin komai. Daga shekarun 1920 zuwa na 1950 an riƙa haska wa yara kai da wuya saboda makero da kumburin maƙogwaro, har da jariran da aka yi zaton wata halittar ƙirjinsu ta yi girma. A 1950 likitoci biyu a Amurka, Duffy da Fitzgerald, suka lura cewa da yawa cikin yaran da suka zo da sankarar tayiroid an taɓa haska su suna jarirai. A Isra'ila an bi sawun yara sama da 10,000 da aka yi wa maganin makero da haske tsakanin 1948 da 1960. Abin da ya kai wuyansu kaɗan ne, kimanin miligire 90 (ma'aunin hasken da sashen jiki ya sha), amma sankarar ta ƙaru a cikinsu. Hatsarin tashar nukiliya ta Carnobil a Yukren na 1986 ya ƙara tabbatar da haka: sinadarin iyodi mai guba, wanda ke fitar da irin wannan haske, ya bi ta madara, kuma zuwa 2005 an ƙirga sama da mutum 6,000 da suka kamu da sankarar tayiroid cikin waɗanda suke yara a lokacin. Ƙarancin iyodi a abincinsu ya sa tayiroid ta zuƙe gubar sosai, abin lura gare mu da maƙoƙo bai ƙare ba a karkara.

Shekaru ne kan gaba. Ɗan ƙasa da shekara 5 ya fi kowa shiga hatsari, wanda ya wuce 20 kuwa nasa kaɗan ne. Cutar ba ta fitowa sai bayan shekara 5 zuwa 10, wani lokaci 40.

Yau a Yamai hoton ƙirji da sikana (na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki da hasken X) sun zama ruwan dare, kuma ba ɗaya suke ba. Hoton ƙirji bai wuce milisiba 0.1 ba (milisiba ma'aunin tasirin hasken ne a jiki), alhali kowa na shan kusan 2.4 a shekara daga ƙasa da sama. Sikanan ƙirji na kaiwa 7. Inda ake kuskure shi ne a ɗauki yaro da ma'aunin babba, ko a maimaita hoto don takardar farko ta ɓace tsakanin Tawa da Yamai. Iyaye su adana kowane hoto, su kuma tambayi likita ko eko (hoton da ake ɗauka da sauti) zai wadatar, domin shi ba ya amfani da wannan haske. In likita ya ce sikana dole ne, kamar bayan yaro ya bugu a kai, a yi shi ba tare da jinkiri ba.

Gashin sankara, wato kashe ta da haske mai ƙarfi, da aka fara a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai a 2021, batunsa daban ne. Wanda aka gasa wa wuya, tayiroid ɗinsa kan yi sanyi, wato aikinta ya ragu, bayan watanni ko shekaru: kasala, jin sanyi, ƙiba, bushewar fata, a yi ta ɗora wa tsohuwar cutar laifi. Gwajin jini na TSH (sinadarin da ke sa tayiroid aiki) duk wata 6 zuwa 12 ke gano shi. Maganin ƙwayar lebotiroksin ce, da safe cikin ba komai, rabin awa kafin koko ko shayi.