Nuna sharuɗɗan tebur a manhajar layin umarni

Sharuɗɗan tebur dokoki ne da rumbun bayanai ke ɗorawa a kan abin da za a iya shigarwa cikin tebur. Idan bayani ya saɓa wa ɗaya daga cikinsu, rumbun zai ƙi karɓa. Harshen SQL ya tanadi manya guda biyar: NOT NULL yana hana barin gurbi fanko, UNIQUE yana hana maimaici, PRIMARY KEY shi ne babban mabuɗin da ke bambance kowane layi, FOREIGN KEY, wato mabuɗin waje, yana ɗaure ginshiƙi da na wani tebur, CHECK kuma yana gwada ƙima da wani sharaɗi, misali kada shekaru su yi ƙasa da sifiri. Yawanci mutum ba ya tunawa da su sai ranar da rumbun ya ƙi karɓar bayaninsa ya jefo masa sunan wani sharaɗi da bai taɓa ji ba. A ranar ce ake buɗe manhajar layin umarni a nemi ganinsu, kuma kowane rumbu da tasa hanyar.

PostgreSQL

Manhajar psql, wato manhajar layin umarni ta PostgreSQL, ce ta fi sauƙaƙa aikin. A tebur mai suna dalibai, misali, umarnin \d dalibai yana fito da ginshiƙai da nau'o'insu, sannan a ƙasa ya jero sauran. Babban mabuɗi da UNIQUE suna bayyana a sashen fihirisa (index, jerin da rumbu ke amfani da shi wajen saurin nemo bayani), domin da fihirisa ake tabbatar da su, abin da kan rikita sabon shiga ya ɗauka babu su. CHECK da FOREIGN KEY kowanne da sashensa. Akwai kuma wani sashe da ke nuna teburan da suka dogara da wannan, wanda yake da amfani ƙwarai kafin a goge wani abu. Umarnin \d+ yana ƙara bayani.

Idan ba a raɗa wa sharaɗi suna ba, PostgreSQL yana ƙirƙira masa daga sunan tebur da na ginshiƙi: dalibai_pkey, dalibai_aji_fkey, dalibai_shekaru_check. Duk abin da psql ke nunawa daga teburan cikin gida yake ɗebo shi, musamman pg_constraint, inda harafi ɗaya ke faɗin nau'i: p na babban mabuɗi, u na hana maimaici, f na mabuɗin waje, c na gwaji, x kuma na sharaɗin hana karo (EXCLUDE, mai hana ƙimomin layuka biyu cin karo da juna), wanda ya keɓanta da wannan rumbun. Aikin pg_get_constraintdef yana mayar da sharaɗi zuwa rubutun SQL da ido zai iya karantawa. Wanda ya buɗe psql da -E zai ga ainihin tambayoyin da take aikawa a ɓoye, kuma babu makarantar da ta fi wannan ga mai son sanin cikin rumbun. A lura da kalmar NOT VALID idan ta fito a ƙarshen sharaɗi: ma'anarta sababbin bayanai ne kawai ake tacewa, tsofaffin ba a bincika su ba tukuna.

MySQL

A nan gajeren umarni yana yaudara. DESCRIBE yana nuna PRI (babban mabuɗi) ko UNI (hana maimaici) ko MUL (fihirisa mai yarda da maimaici) a gaban ginshiƙi, amma ba ya faɗin inda mabuɗin waje ya nufa, ba ya kuma nuna CHECK. Abin dogaro shi ne SHOW CREATE TABLE, wanda ke sake rubuta tsarin tebur baki ɗaya. Idan aka rufe shi da \G maimakon alamar rufewa ta kullum (;), sakamakon yana sauka a tsaye, ya fi daɗin karantawa. Sunayen da rumbun ke ƙirƙira suna kama da dalibai_ibfk_1 ko dalibai_chk_1.

Tarihi yana da tasiri a nan. Kafin fitowar 8.0.16 a 2019, MySQL yana karɓar CHECK ba tare da ƙorafi ba, sai ya yi watsi da shi shiru. Haka injin ajiya na MyISAM ke yi wa mabuɗan waje. InnoDB ne ke aiki da su. Don haka tsohon tebur na iya rasa sharaɗin da maginin sa ya rantse ya rubuta.

SQLite

Umarnin .schema a manhajar sqlite3 yana dawo da rubutun da aka ƙirƙiri teburin da shi, domin rumbun yana adana rubutun ne kamar yadda yake. PRAGMA foreign_key_list yana jero mabuɗan waje, PRAGMA index_list kuma fihirisa. Sai dai ganin mabuɗin waje a allo ba ya nufin yana aiki. SQLite ya fara iya tilasta su tun fitowar 3.6.19 a 2009, amma a kashe suke zuwa, sai an kunna PRAGMA foreign_keys = ON a kowane haɗi.

Oracle da SQL Server

DESCRIBE na SQL*Plus suna da nau'i da halin barin fanko kaɗai yake bayarwa. Sauran sai an tambayi USER_CONSTRAINTS an haɗa da USER_CONS_COLUMNS, inda R ke nufin mabuɗin waje, C kuma ya ƙunshi CHECK har da NOT NULL. Sunayen da Oracle ke raɗawa suna farawa da SYS_C sai lambobi, ba sa gaya wa kowa komai. A sqlcmd na SQL Server kuwa, sp_helpconstraint ake kira.

Hanyar bai ɗaya

Ma'aunin SQL-92, wato ƙa'idar bai ɗaya ta harshen SQL ta 1992, ya kawo information_schema, tarin teburan da ke bayyana tsarin rumbu, mai ɗauke da table_constraints da key_column_usage da referential_constraints da check_constraints. PostgreSQL da MySQL da SQL Server duk suna da shi, don haka tambaya ɗaya kan yi aiki a kansu da ɗan gyara. Oracle da SQLite ba su da shi. Ko a inda yake, abin da ma'aunin ya sani kawai yake nunawa, sharaɗin hana karo na PostgreSQL ba ya fitowa a cikinsa, kuma mai amfani ba ya ganin teburan da ba shi da izini a kansu.