Lissafin ƙarfen da ya lanƙwashe sosai: tambayoyi da amsoshi

Wasu ɗalibai masu karatun gine-gine a Yamai ne suka tare ni da waɗannan tambayoyi muna shan shayi. Ga amsoshin a rubuce.

Malam, mene ne wannan lissafi na gunduwa-gunduwa?

Shi ne abin da kuke kira éléments finis a aji. Gini irin gadar Kennedy ta Yamai, wadda aka buɗe a 1970, ba ya lissafuwa a dunƙule. Sai a yayyanka shi ƙanana a kwamfuta, a san yadda kowace gunduwa ke ɗaukar nauyi, sannan a ɗinke su a mahaɗansu. Masu ƙera jiragen sama ne suka raya hanyar a wajen 1956, Ray Clough kuma ya raɗa mata suna a 1960.

To me ya hana wanda muka koya ya wadatar?

An gina shi a kan zato biyu: in an ninka nauyi, lanƙwasa ma za ta ninka daidai, kuma siffar abu ba ta canjawa har a kula. Ga ginshiƙin kankare wannan ya isa. Amma ku dubi sandar kamun kifi a bakin kogin Isa lokacin da babban kifi ya kama. Kanta ya sunkuya har yana kallon ruwa, nauyin ya koma yana jan ta ta tsawonta. Kifi ya kuɓuce, ta miƙe garau. Ba ta lalace ba, siffarta ce ta sake lissafin. Rodin da ake naɗewa biyu a kasuwar Katako don ya hau amalanke kuwa ba ya komawa, domin ƙarfen kansa ya wuce iyakarsa. Wannan wata matsala ce dabam, kar ku haɗa su.

Ina juyawa ta shigo ciki?

Nan ne gizo ke saƙa. Ɗauki sandar ƙarfe ka juya ta a iska, ba ka ja ba, ba ka matsa ba. Babu abin da ya same ta. Amma lissafin farko, in ta juya digiri 10, zai ce ta takure da kusan kashi 1.5 cikin 100. Ƙarfen gini kuwa yana fara sakewa tun bai wuce kashi 0.2 ba. Kwamfuta za ta shafa maka ja a allo, ta ce ƙarfe ya gaza, alhali juyi kawai ya yi. A digiri 90 cewa za ta yi tsawonsa ya ƙare ƙaf. Ni a ganina wanda ya gane wannan ya gane rabin darasin.

Me ya sa ba za a tara kusurwoyin kamar sauran lambobi ba?

Ajiye wayarka a tebur, fuskarta sama. Tayar da ita tsaye ta kalle ka, sannan ka juya ta hagu digiri 90: tana tsaye, tana kallon gefe. Maida ta, ka fara da juya ta hagu a kan tebur, sannan ka tayar da ita wajenka: yanzu tana kwance a kan gefenta, tana kallonka. Juyi biyu iri ɗaya, mazauni dabam. Shi ya sa wajen haɗa juyi da juyi ake amfani da ƙa'idar Rodrigues ta 1840 ko lambobin nan masu sassa huɗu na Hamilton na 1843.

Yaya kwamfuta ke warware shi?

Ba ta ɗora nauyin gaba ɗaya. Kaɗan-kaɗan take ƙarawa, a kowane mataki ta yi ta gyara da hanyar Newton-Raphson har ƙarfin ciki ya yi daidai da na waje. Wata dabarar kuma, kowace gunduwa a ba ta ma'aunin da ke juyawa tare da ita, a cire juyin a lissafa lanƙwasar da ta rage. Juan Carlos Simo ya fito da wata hanyar a 1985 wadda ke ɗaukar juyi kowane girmansa.

Ta yaya zan san manhajata na yin daidai?

Kafe sanda a gefe ɗaya, ka sa ƙarfin lanƙwasawa mai girman 2πEI/L a ɗaya bakin (EI taurin sandar ne wajen lanƙwasa, L kuma tsawonta). Dole ta naɗe ta zama zobe cikakke, bakinta ya taɓa gindinta. Gwada a Code_Aster na kamfanin lantarkin Faransa, EDF, tunda kyauta ne. In manhajar Abaqus ce, fara duba ko ka kunna NLGEOM, zaɓin da ke sa ta kula da canjin siffa, don a matakin lissafi na yau da kullum a kashe yake zuwa.