Me ake nufi da "GPA da aka sake lissafawa"?

Ɗalibi a Amurka yakan ga 3.9 a takardar sakamakonsa ta sakandare, ya yi ta murna, sai jami'ar da yake nema ta ɗauki alƙalami ta sake buga lissafin, makin ya dawo 3.6. Wannan sabon adadin shi ake kira GPA da aka sake lissafawa.

GPA dai matsakaicin makin ɗalibi ne. Sakamakon kowane darasi harafi ne: harafin A maki 4 ne, B 3, C 2, D 1, a tara a raba da yawan darussa. Matsalar ita ce kowace makaranta da irin mudunta. Wata tana saka darasin motsa jiki a ciki, wata tana ƙara maki a kan darussa masu wuya har ɗalibi ya haura 4, wata ko oho. Ita kuwa jami'a takardu suke zuwar mata daga dubban makarantu, dole ta auna kowa da mudu ɗaya.

Jami'ar Kalifoniya, wadda Berkeley da UCLA suke ƙarƙashinta, ta bayyana nata tsarin a fili. Sakandare a can shekara huɗu ce, aji 9 zuwa 12, amma makin aji 10 da 11 take lissafawa, haɗe da darussan lokacin hutun da ke biyo bayan aji 9, aji 10 da aji 11. Kuma ba kowane darasi ba, sai irin su tarihi, Turanci, lissafi, kimiyya, harshen waje da fasaha irin ta zane da kiɗa. Motsa jiki ba ya ciki. Alamar ƙari ko ragi da ke maƙale jikin harafi ma shafe ta ake yi: mai A- ya ci riba, an ba shi 4 cif, mai B+ kuma ya koma 3, ya haƙura.

Inda abin ya fi burge ni shi ne darussa masu wuya, irin su AP da IB, wato manhajoji masu zurfi da ake yi tun a sakandare. Wanda ya ci B a can ana lissafa masa 4, daidai da mai A a darasi na yau da kullum, don kada gudun wahala ya zama dabara. Sai dai an sa wa ƙarin iyaka, ba ya wuce maki takwas, ɗaya a kan kowane darasi na zangon rabin shekara.

Da wannan sabon makin ake duba mafi ƙarancin abin da ake bukata: 3.0 ga ɗan jihar Kalifoniya, 3.4 ga wanda ya fito daga wata jiha ko wata ƙasa.