Barin tirela a kunne ba ya rage shan mai

A wurin lodin albasa a Aliero, ko a layin manyan motoci na iyakar Kamba, za ka tarar da tirela a tsaye injinta na ruri, direba yana gindin inuwa. Dalilin da aka daɗe ana bayarwa shi ne wai tayar da inji ya fi cin mai a kan barinsa a kunne.

Ba haka ba ne. Man da tayarwa ke ci bai kai na minti ɗaya a tsaye ba, alhali babbar mota tana shan kusan lita 3 na dizal duk awa ba ta motsa ba. Gaskiyar da ke cikin maganar 'yar kaɗan ce: bayan doguwar tafiya da kaya, inji mai turbo, wato na'urar da ke ƙara tura masa iska don ya ƙara ƙarfi, yana buƙatar 'yan mintuna ya huce kafin a kashe shi.

Abin da ya fi damuna shi ne hayaƙin. A 2012 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa kansar huhu. Masu shaƙarsa kuwa su ne 'yan dako da ke jera buhuna dab da salansa, da yarinyar da ta kawo musu tallan fura.